Nauyin Jiki da Nauyin Zuciya: Yadda Masana Halayya Ke Taimakon 'Yan Mata

Darasin da Ƙungiyar 'Yan Jarida ta liƙa muku a bango wannan karon ya shafi nauyin jiki, musamman na 'yan mata masu tasowa, da irin hanyoyin da masana halayyar ɗan Adam suke bi domin taimakon yarinyar da nauyinta ya dame ta. Maza, kada ku wuce don kun ga an ce 'yan mata. Akwai wurin da muka taɓo ku a ƙasa, kuma kuna da ƙanne da yayye a gida.

Idan yarinya ta ce tana son rage ƙiba, shawarar da ta fi saurin samu ita ce ta daina cin abincin dare, ta sha ruwan zafi da lemon tsami, ko ta sayi shayin rage tumbi. Idan kuma siririya ce, sai a ce ta nemi ƙwayar nan da ake kira sha-ka-fashe. Duk waɗannan shawarwari ciki suka nufa. Masana halayya kuwa sun lura cewa hannu ba ya kai loma baki sai da dalili, kuma ba kullum yunwa ce dalilin ba. Wani lokaci haushi ne, wani lokaci kaɗaici, ko sabo, ko kuma kawai abin yana gaban mutum. Don haka maganinsu hira ce da horo. Zama ake yi da yarinya, sau da yawa har da iyayenta, ana duba tunaninta, da ɗabi'unta na yau da kullum, da yadda gidansu yake.

Wace ce ma mai ƙiba?

Matsalar dai akwai ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 fiye da miliyan 390 ne nauyinsu ya wuce kima a duniya, kuma miliyan 160 daga cikinsu ƙibarsu ta kai matakin da likitoci ke ɗaukarta a matsayin cuta. A 1990 kashi 8 cikin ɗari ne na masu waɗannan shekaru suke da nauyin da ya wuce kima, amma zuwa 2022 sun kai kashi 20. Ƙiba mai yawa tana buɗe ƙofa ga ciwon suga da hawan jini, tana wahalar da gwiwoyi, tana kuma iya rikita al'adar wata.

Sai dai ba da ido ake yanke hukunci ba, balle da bakin ƙawaye. Ma'aikatan lafiya suna amfani da wani lissafi da ake kira BMI. Ana ninka tsawon mutum na mita da kansa, sannan a raba nauyinsa na kilo da abin da aka samu. Ga masu son lissafi: yarinya mai kilo 45 da tsawon mita 1.5, za a ce 1.5 sau 1.5, ya ba da 2.25, sai a raba 45 da 2.25, amsa 20. Ga yara ba a tsayawa nan, sai an duba amsar a jadawalin da aka tsara bisa shekaru da jinsi, domin abin da yake daidai ga 'yar shekara 10 daban yake da na 'yar shekara 16. Ga 'yar shekara 13, wannan 20 ɗin lafiya lau ne.

Wani abin da ya kamata kowace 'yar aji ɗaya zuwa uku ta sani shi ne, lokacin balaga dole jiki ya ƙara nauyi. Tsawo yana ƙaruwa, ƙashi yana ƙara ƙarfi, ƙugu yana buɗewa, kitse yana taruwa a wuraren da can baya babu shi. Haka halittar mace take. Da yawa daga cikin masu kukan sun yi ƙiba girma kawai suke yi, kuma aikin farko na mai ba da magani shi ne ya tabbatar ko akwai matsalar ma tukuna.

Me ya sa ba a ce kawai a zauna da yunwa ba?

A jihar Minnesota ta Amurka, wata malamar jami'a mai suna Dianne Neumark-Sztainer da abokan aikinta sun fara bin dubban ɗaliban sakandare tun ƙarshen shekarun 1990. Sun tambaye su yadda suke cin abinci, suka koma gare su bayan shekara biyar, suka sake komawa bayan shekara goma. Sai suka gano cewa matasan da suke horar da kansu da yunwa, suna tsallake abinci ko shan ƙwayoyin rage ƙiba, su ne suka fi ƙara nauyi daga baya, kuma su ne suka fi faɗawa cikin cin da mutum ba ya iya tsayarwa.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Yarinya ta fito daga gida ba ta karya ba, aka tashi tara ta ƙi sayen komai, ta wuni kanta yana juyawa, darasi ba ya shiga. Kafin ta koma gida yunwa ta kai mata karo, sai ta ci na safe da na rana da ƙari a zama ɗaya. Tana gamawa sai kunya da haushin kanta su rufe ta, ta ɗauki alkawarin gobe ba za ta sa komai a baki ba. Gobe kuma a maimaita. Wannan zagayen shi ne masana ke ƙoƙarin tsinkawa, shi ya sa abu na farko da sukan sa yarinya ta yi shi ne cin abinci a kan lokaci, sau uku a rana da ɗan abin taɓawa a tsakani. Kun ji fa, mai neman rage nauyi ake cewa ta riƙa karyawa kafin ta fito!

Gyaran tunani da ɗabi'a

Hanyar da ta fi shahara ita ce wadda ake kira CBT a taƙaice, mu kuma za mu kira ta gyaran tunani da ɗabi'a. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Aaron Beck na Jami'ar Pennsylvania, yana cikin waɗanda suka kafa ta a shekarun 1960. Da masu ciwon damuwa ya fara. Ya lura cewa akwai tunane-tunanen da ke faɗo wa mutum da sauri ba tare da ya kira su ba, kuma mutum yakan gaskata su ba bincike. Daga baya wasu masana, irin su Christopher Fairburn na Jami'ar Oxford a Ingila, suka gyara hanyar ta dace da matsalolin cin abinci.

Tushenta abu uku ne da suke tallafe da juna kamar duwatsun murhu: abin da kike tunani, abin da kike ji a zuciya, da abin da kike aikatawa. Aka gusar da ɗaya, tukunya ta motsa.

A ɗauka an ɗinka wa yarinya ankon bikin 'yar uwarta, ranar biki ta saka sai rigar ta matse ta. Tunanin da ya faɗo mata shi ne, "Kowa ni yake kallo, na fi kowa muni." Abin da ta ji, kunya da baƙin ciki. Abin da ta yi, ta ƙi fita wurin biki, ta zauna a ɗaki da ledar cincin har ta ƙare. Mai ba da magani ba zai ce mata ta daina wannan tunanin ba, domin tunani ba ya jin tsawa. Zai sa ta yi wa tunanin tambayoyi kamar alƙali. Mece ce shaidar cewa kowa ke yake kallo? Mutum nawa suka yi magana? Ba a taɓa samun tela ya rage awo ba? Da ƙawarki ce kaya suka matse, za ki ce mata ta fi kowa muni? Tambayar ƙarshen nan tana da ƙarfi, domin yawancinmu muna faɗa wa kanmu maganar da ba za mu iya faɗa wa ƙawa ba. A ƙarshe yarinyar ce da kanta za ta samo wani tunanin da ya fi kusa da gaskiya, misali, "Rigar ta yi mini kaɗan, ban ji daɗi ba, amma ana iya buɗe ta, kuma amarya ta fi son ta gan ni a wurin."

Akwai wani kuskuren tunani da ya fi yawa a wannan fanni, wato na ko duka ko babu. Yarinya ta yi niyyar barin lemon kwalba, ta yi kwana huɗu, a rana ta biyar aka yi baƙi ta sha ɗaya. Sai ta ce ai shi ke nan na ɓata, bari in sha na biyu in haɗa da biskit. Ana koya mata ta ga cewa kwana huɗun nan suna nan ba su goge ba. Wanda ya faɗi tambaya ɗaya a jarrabawa ai ba ya yaga takardar amsa.

Ɓangaren ɗabi'a kuwa da littafi yake farawa. Ana ba yarinya ƙaramin littafi ta riƙa rubuta abin da ta ci, ƙarfe nawa, a ina, tare da wa, da kuma yadda zuciyarta take a lokacin. Ba wanda zai ɗauki littafin ya kama ta da laifi. Bayan mako ɗaya ko biyu sai su zauna su karanta tare, abubuwan da ba ta taɓa lura da su ba su fito fili. Wata za ta ga duk ranar da aka yi mata faɗa a gida ita ce ranar da take ƙarar da kuɗin tararta a kan alawa da fanke. Wata za ta ga ba ta sanin yawan abin da ta ci idan tana kallon fim. Wata kuma matsalarta hanya ce, kullum ta gaban mai suyar awara take bi, ga kuɗi a hannu ga yunwa a ciki.

Da zarar an gane abin da ke tayar da cin, sai a sauya shi, a huta da kokawa da zuciya. A zauna a ci a kwano maimakon a cikin leda ana tafiya. A kashe talabijin, a ajiye waya lokacin cin abinci. A ci a hankali, domin saƙon ƙoshi yana ɗaukar mintoci kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Ana kuma koya wa yarinya ta tsaya ta tambayi kanta kafin ta kai hannu: wannan yunwar ta ciki ce ko ta zuciya? Ta ciki a hankali take zuwa, kuma ko ɗumamen tuwo aka ba ta za ta karɓa. Ta zuciya farat ɗaya take zuwa, abu ɗaya take so, galibi mai zaƙi ko soyayye, kuma ko an ba ta ba ta godiya. Idan ta zuciya ce, sai a jinkirta kamar minti goma, a yi wani abin da aka riga aka tsara, kamar hira da wani, ko wanka, ko rubutu, ko ɗan zagaye a tsakar gida. Sau da yawa kwaɗayin yakan taso ya kwanta da kansa.

Buri ma ana rage masa girma. "Zan rage kilo goma kafin Sallah" buri ne mai karya gwiwa. "A wannan makon, ranar Litinin da Laraba da Juma'a ruwa zan sha maimakon lemo" abu ne da za a iya yi, a kuma iya ƙirgawa. Kada ku raina shi, domin wasu lemukan kwalba na rabin lita suna ɗauke da suga fiye da cokalin shayi 10. Zoɓo da kunun aya ma idan aka zabga musu suga, jirgi ɗaya ya kwaso su. Haka batun motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son 'yan shekara 5 zuwa 17 su samu minti 60 na motsi a rana. Tafiya makaranta a ƙafa, tsallen igiya, 'yar gala-gala, gaɗa, daka da ɗiban ruwa duk suna cikin lissafi muddin sun sa numfashi ya ƙaru. Abin takaici, da yarinya ta shiga sakandare sai a fara ce mata ta girmi wasa, maza kuma su mamaye fili da ƙwallo har a koma aji. Muna roƙon malaman wasanni su duba mana wannan. Barci ma yana ciki: awa 8 zuwa 10 ake so ga masu shekarunmu, kuma ƙarancinsa yana ƙara jin yunwa da kwaɗayin zaƙi.

Gida ɗaya, tukunya ɗaya

'Yar shekara 13 ba ita ke cefane ba, ba ita ke cewa ga abin da za a dafa ba. Wannan ne ya sa wani masanin halayya ɗan Amurka, Leonard Epstein, ya tsara magani na iyali tun wajen 1980, inda uwa ko uba suke zama ɗalibai tare da ɗansu, su ma suna gyara nasu cin da nasu motsin. Ya bi yaran har shekara goma, ya ga waɗanda aka yi aikin tare da iyayensu sun fi riƙe nasarar da suka samu. Yaran da ya fara da su 'yan shekara 6 zuwa 12 ne. Ga matasa kuwa ana ba yarinya ƙarin damar tsara burinta da kanta, iyaye su tsaya a matsayin masu tallafi.

Shi ne ya fito da dabarar danja, wato raba abinci gida uku kamar fitilun kan titi. Kore, ci kanki tsaye. Ruwan ɗorawa, ci daidai gwargwado. Ja, tsaya ki yi tunani, sai jefi-jefi. Idan muka gwada ta da abincinmu, zogale da rama da alayyafo da kabeji da yalo kore ne. Tuwo, shinkafa, wake, doya, ƙwai, kifi da nono ruwan ɗorawa ne. Lemon kwalba, alawa, cincin, fanke da sauran soye-soye su ne ja. Mu dai muna ganin a yi hattara da wannan jan, kada wata ta ɗauka cin fanke babban laifi ne, ta koma cikin tunanin ko duka ko babu da muka ambata. Ko a kan titi, ja ba ya nufin an rufe hanya har abada.

Abin da ya fi burge mu a wannan hanyar shi ne ba a ware yarinya. A gidajenmu da yawa kwano ɗaya ake sa hannu. Kun ga idan aka zuba wa kowa taliya da mai da yaji, ita kuma aka miƙa mata kwaɗon zogale a gefe ana cewa ke kin yi ƙiba, to an hukunta ta ne a gaban ƙannenta. Idan kuwa aka ƙara ganye a miyar kowa, aka rage mai a tukunyar kowa, aka daina ajiye lemo a gida, kowa ya amfana kuma ba wadda aka nuna da yatsa. Ana koya wa iyaye su yabi aiki, kamar su ce, "Na ga yau kin karya kafin ki fita," su bar zancen sikeli, su kuma daina ba da alawa a matsayin lada ko hana abinci a matsayin horo. A 2016 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta shawarci iyaye su guji zancen nauyi a gida, nasu ko na 'ya'yansu, su yawaita cin abinci tare.

Mun san kuma ba kowane gida ke da zaɓi ba. Abin da ya fi araha ya kuma fi cika ciki shi ne gari da mai da suga. A aji ɗaya za a samu wadda nauyinta ya wuce kima da wadda ba ta samun isasshen abinci, wani lokaci ma mai ƙibar ce ke fama da ƙarancin jini. Shi ya sa mai ba da shawara na kirki yakan fara da tambayar abin da ake da shi a gida.

Tambaya maimakon faɗa

Wata hanyar, wadda za mu kira hirar zaburarwa, William Miller ne ya fara bayyana ta a 1983 domin masu fama da shan giya, daga baya shi da Stephen Rollnick suka faɗaɗa ta. Sun lura cewa idan aka matsa wa mutum ya sauya, sai ya shiga kare kansa. Duk wadda aka taɓa yi wa dogon faɗa ta san haka. Don haka mai ba da shawara tambaya yake yi ya saurara, har dalilin sauyi ya fito daga bakin mai shi. Ga misalin da muka tsara:

"'Yata, daga sifili zuwa goma, ina kika ajiye muhimmancin rage shan zaƙi a wurinki?"

"Kamar huɗu, Malama."

"Huɗu. To me ya sa ba ki ce ɗaya ba?"

"Saboda kakata tana da ciwon suga, ina ganin wahalar da take sha. Kuma idan na hau bene haki nake yi."

"Me kike ganin zai kai ki biyar?"

Ku lura, da Malama ta tambayi me ya sa ba goma ba, da yarinyar ta jero uzurori. Da ta tambayi me ya sa ba ɗaya ba, sai ga ta tana jero dalilan sauyi da bakinta.

Akwai kuma wadda aka gwada a kan 'yan mata zalla, wato hanyar gyaran mu'amala. Marian Tanofsky-Kraff da abokan aikinta a Amurka sun tara 'yan mata 'yan shekara 12 zuwa 17 waɗanda nauyinsu ya fara haurawa, kuma suke jin wani lokaci ci yana fin ƙarfinsu. Sun riƙa zama rukuni-rukuni sau ɗaya a mako har mako 12. Yawancin hirar a kan saɓani da uwa ne, da ƙawar da ta juya baya, da yadda za ki faɗi abin da ke damunki ba tare da faɗa ko gaba ba. Tunanin masu binciken shi ne rikici yana kawo ɓacin rai, ɓacin rai kuma yana kawo ci. Bayan shekara ɗaya nauyin waɗannan 'yan mata bai bambanta sosai da na waɗanda aka yi wa darasin kiwon lafiya kawai ba, amma cin da ba a iya tsayarwa ya fi raguwa a wurinsu. Bayan shekara uku aka ga waɗanda suka fi amfana su ne masu yawan fargaba da masu matsalar zama da mutane. Ashe ba kowane magani ne ke yi wa kowa daidai ba.

Duk waɗannan hanyoyin suna cin lokaci. Masana a Amurka sun ce an fi ganin amfani idan zaman ya kai awa 26 ko fiye, a cikin watanni. Raguwar nauyin ma a hankali take zuwa, kuma ga yarinyar da take kan girma sau da yawa burin shi ne nauyi ya tsaya wuri ɗaya, tsawo ya tarar da shi. Shayin da ake talla da cewa zai zubar da kilo biyar a mako kuwa, da yawansu gudawa ko fitsari suke sawa. Ruwan jiki ne ke fita, kitse yana nan inda yake.

Wa ya ce ga yadda kyakkyawa take?

A ƙasar Fiji da ke tekun Pasifik, mutane sun daɗe suna ganin cikar jiki ita ce kyau da lafiya, kamar yadda kakanninmu suke gani. A 1995 talabijin ya isa wani yanki na ƙasar, da finafinan Turawa masu siraran mata. Wata likita daga Jami'ar Harvard, Anne Becker, ta yi wa 'yan matan sakandare tambayoyi a shekarar, ba ta samu ko ɗaya da ke jawo amai don ta rame ba. Da aka sake tambaya a 1998, kusan kashi 11 cikin ɗari sun ce suna yi. Shekara uku kacal.

Mu a nan igiya biyu ke jan mu. A waya da talabijin ana nuna mana shafaffen ciki, a gidan biki kuma ana cewa wance ba ta da jiki, kamar tsinke. Shi ya sa a aji ɗaya wata take kwana da yunwa, wata kuma take haɗiyar sha-ka-fashe. Cikin ƙwayoyin da ake sha don ƙiba akwai deksametazon, maganin da likita ke rubutawa domin wasu cututtuka. Shan sa barkatai yana kumbura fuska, yana tara ruwa da kitse, yana iya kawo hawan jini da ciwon suga, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki. Wadda ta daɗe tana sha ba a so ta daina farat ɗaya, sai da taimakon likita.

Wani masani, Eric Stice, ya tsara shiri na zama huɗu, awa ɗaya-ɗaya, inda 'yan mata da kansu suke kawo hujjoji kan illar bin irin kyan da ake tallata musu. Sukan rubuta wa ƙaramar yarinya wasiƙa suna ba ta shawara, sukan yi wasan kwaikwayo suna hana ƙawa bin wannan hanya. Wanda ya kare magana da bakinsa a gaban mutane yakan fara yarda da ita. Bincike ya nuna shirin yana rage ƙin jiki da haɗarin kamuwa da cutar cin abinci. 'Yan ƙungiyar muhawara, ga maudu'i nan mun ba ku kyauta.

Yanzu mun zo kanku maza, da mu mata masu kaifin baki. A kira yarinya lukuta ko buhun masara, aji ya ɗauki dariya, idan aka yi magana a ce ai don ta ji haushi ta rage ne. Binciken Minnesota ya nuna akasin haka. Waɗanda ake tsokana kan jikinsu, a makaranta ko a gida, sun fi shiga damuwa, sun fi faɗawa cikin cin da ba a iya tsayarwa da hanyoyin rage ƙiba masu haɗari. Yarinyar da aka yi wa dariya ranar da ta yi gudu a fili, da wuya ta sake yin gudu. Malamanmu, da girmamawa muke cewa laƙabin da ya fito daga bakin malami ya fi daɗewa a kan ɗaliba, domin aji gaba ɗaya yana ɗauka an ba shi izini.

Akwai lokacin da abin ya wuce shawarar ƙawa. Idan yarinya tana ramewa da sauri, tana ɓoye abinci ko zubarwa, tana shiga banɗaki da zarar ta gama ci, jiri yana ɗibarta, al'adarta ta ɗauke, ko tana ganin kanta da ƙiba alhali ƙasusuwanta sun fito, to waɗannan alamun cututtuka ne da ake kira anoreksiya da bulimiya, kuma suna iya kisa. Ana warkewa, musamman idan an fara magani da wuri. A asibitin Maudsley na Landan aka tsara hanyar da iyaye da kansu ke jagorantar mayar da yarinya kan cin abinci, da taimakon masana. Irin wannan sirrin ba a riƙe wa ƙawa shi. Ki faɗa wa malamar ba da shawara, ko malamar aji, ko mahaifiyarta.

A asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ana iya auna nauyi da tsawo, a tura mutum gaba idan da buƙata. Asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato. Zuwa wurin masanin halayya ba ya nufin mutum ya sami taɓin hankali, masu damuwa da fargaba da rashin barci duk suna zuwa. Idan kuma nauyi ya ƙaru da sauri ba tare da an sauya ci ba, likita ne zai fara dubawa, domin wasu cututtuka da wasu magunguna suna sa ƙiba. Ranar zuwa ki tafi da babba daga gida, ki kuma ɗauki duk wata ƙwaya ko shayi da kike sha, a cikin kwalinsa, domin likita ya karanta abin da ke ciki.